Babur mai ƙafa huɗu ba ya fizga, ba ya gudu: me za a canza?

Tambaya: Ina da babur mai ƙafa huɗu ƙirar Sin, 150cc, irin mai canza giya da kansa, injinsa GY6. Tayoyin baya inci 18 ne, nauyina kuma kilo 85. A burji da rairayi nake hawansa a gefen Katsina. In na danna totur sai ya yi ta nishi kafin ya ɗauka, kuma ko na ƙure shi ba ya wuce kilomita 45 a awa. Wani makanike ya ce a yanke salansa, a sa masa CDI na tsere, wato akwatin da ke ba filogi wuta. Me ya kamata in canza don ya riƙa fizga, ya kuma ƙara gudu?

Amsa: Malam, ka dakata da yanke salansar nan. Babur mai wannan inji, in lafiyarsa ƙalau, yakan yi kilomita 55 zuwa 65 a awa a ƙasa mai tauri. Naka da ya tsaya a 45 ciwo gare shi, kuma duk kayan tseren da ka ɗora a kan inji marar lafiya asarar kuɗi ce. GY6 na 150cc ƙarfinsa bai wuce doki 8 zuwa 10 ba, ga jikin babur mai nauyi, ga kai a bisa. Da wannan ɗan ƙarfin ake rabo tsakanin fizga da gudu. Rola da sifirin na cikin akwatin bel, faifan sarƙa da girman taya ba sa ƙara ƙarfi ko kaɗan, rabon kawai suke sauyawa: abin da ka ba fizga, daga gudu ka ɗebo shi. Wanda yake son duka biyun sai ya fara dawo da ƙarfin da ya zube, ya sa injin ya riƙa aiki a zagayen da ya fi ƙarfi, daga nan ne ake maganar ƙarin iska da mai, ko faɗaɗa silinda.

Kafin ka kwance ko noti ɗaya, ka tanadi abin awo. Malejin waɗannan babura ba abin dogaro ba ne, ka sa manhajar GPS a waya ta riƙa nuna maka gudu. Ka sayi ƙaramin agogon zagayen inji, irin wanda ake naɗa wayarsa a jikin wayar filogi. Ka zaɓi fili miƙaƙƙe mai tauri, ka auna mita 100, ka rubuta abu uku: daƙiƙa nawa ka yi daga tsaye zuwa ƙarshen mita ɗarin, iyakar gudun da ka samu, da zagayen inji a minti lokacin da totur yake danne gaba ɗaya. Kunne yana yaudara. Babur mai ƙara kullum ji ake kamar ya fi gudu, shi ya sa masu yanke salansa suke rantsuwa ya ƙaru. Sannan abu ɗaya ake canzawa a gwada. Ba a tauna taura biyu: in ka canza rola da jet (ɗan sukuru mai rami da ke auna mai a kafireta) a rana guda ya lalace, ba za ka san mai laifin ba.

Agogon nan shi zai nuna maka inda ciwon yake. Wannan inji yana ba da ƙarfinsa mafi yawa ne a wajen zagaye 7,000 zuwa 7,500 a minti. In ka danna totur daga tsaye ka ga allura ta maƙale a 5,000 ko 5,500 tana jan ƙafa, ko dai injin ya raunana, ko giyar tana saurin hawa kafin ya shirya. In kuwa ya haura 8,000 yana kururuwa amma babur ba ya tafiya, to ƙarfin yana zubewa tsakanin inji da taya: bel ya cinye, ko kuloci yana sulɓewa.

Fara da bawul, domin GY6 ya shahara da matsewar bawul, musamman na hayaƙi. Alamarsa wahalar tashi, mutuwa a silo, da rashin ƙarfi in ya ɗauki zafi. Sai inji ya huce sarai ake saitinsa. Ka cire murfin kan silinda, ka juya fanka har alamar T ta daidaita da tsinin da ke jikin inji, ka duba faifan kamshaf: babban rami a sama, ƙanana biyun a layi ɗaya da leɓen kan silinda. Ka kwance notin da sifana mai lamba 9, ka zura ma'auni mai kaurin milimita 0.10, ka ɗaure yadda zai riƙa wucewa da ɗan ja. In littafin baburinka ya faɗi wata lamba, tasa za ka bi. Bayan nan a gwada matsin silinda da geji, totur a buɗe. Mai lafiya yakan ba da 130 zuwa 160 a ma'aunin psi. In ya gaza 100, ka zuba ƙaramin cokali na baƙin mai ta ramin filogi ka sake gwadawa. Ya tashi sosai, ringi ne ya cinye. Bai motsa ba, bawul ne ba ya zama. Filogi kuma NGK C7HSA ya isa, tazarar bakinsa milimita 0.6 zuwa 0.7.

Sai kafireta. Wadda ke zuwa da wannan inji PD24J ce, kuma a samanta akwai wata robar tanfol mai laushi wadda zuƙar iska ke ɗaga ta, ita kuma ta ɗaga allura. In ta huje ko da kamar tsinin allura ne, injin zai tashi lafiya, ya yi silo lafiya, amma ba zai taɓa wuce rabin ƙarfinsa ba. Ka ciro ta ka ɗaga ta saitin rana kana ɗan ja. Ka duba robar da ta haɗa kafireta da inji, zafin ƙasarmu yana tsattsaga ta, iskar ɓoye ta riƙa shiga. Cok ɗin wannan kafireta na lantarki ne, in ya mutu a buɗe yake tsayawa, sai mai ya yi yawa, filogi ya yi baƙi. Akwai kuma abin da ake yawan mantawa: a jikin akwatin totur na babban yatsa akwai dogon sukuru mai noti wanda ke hana totur kaiwa ƙarshe. Da gangan ake sa shi don masu koyo. Ka kashe inji, ka danna totur, ka duba a jikin kafireta ko ya buɗe har ƙarshe. In bai kai ba, ka warware sukurun kaɗan kaɗan, amma kada ka cire shi dungurungum, ka kuma bar wasa na milimita 3 zuwa 5 a bakin totur. In yara ne suke hawan baburin, wannan sukurun ba a taɓa shi.

Ɗaga bayan baburin a kan katako ka juya taya da hannu. Birkin da ke goga, boris ɗin gatari da yashi ya cinye, da sarƙar da aka ɗaure tamau suna iya cinye doki guda cikin taran da kake da su. Sarƙa tana son wasa na milimita 20 zuwa 30, kuma da mutum zaune a kai ake aunawa. Iskar taya ma abin lura ce. Waɗannan tayoyin psi 4 zuwa 7 suke sha, gwargwadon abin da aka rubuta a jikin babur, amma mai faci ya saba da tayar mota, kuma gejinsa ba ya ma karanta ƙasa da 10. Ka nemi geji na ƙaramar iska. Tayoyin baya biyu a kan gatari ɗaya suke, in iskarsu ta bambanta babur zai riƙa ja gefe guda.

In duk wannan ya daidaita, ka buɗe murfin bel na gefen hagu, domin nan ne mafi yawan ribar take, kuma nan ne mafi araha. A gaba akwai bariyeta, faifai biyu masu gangare da bel ke tsakaninsu, a bayan ɗayan akwai rola shida. Inji yana ƙara juyawa, rolar suna ficewa gefe, su tura faifan ya matse bel, bel ɗin ya hau sama. Hawan nan shi ne shiga babbar giya. A baya kuma akwai wani faifan biyu da babban sifirin ke matse su, yana ja-in-ja da rolar. Nauyin rola da taurin wannan sifirin su ne ke yanke zagayen da inji zai zauna a kai lokacin da kake fizga. Aikinka shi ne ka sa ya zauna a 7,000 zuwa 7,500 tun daga tashi har bel ya ƙure hawa.

Bel tukuna. Lambarsa tana rubuce a bayansa, galibi 743-20-30 a gajeren inji, ko 835-20-30 da 842-20-30 a dogo. Lambar farko tsawo ce, ta biyu faɗi. Sabo milimita 20 ne, in ya sauka zuwa 19 ko ƙasa ya gama aiki, domin siririn bel ba ya hawa ƙarshen faifan gaba ko da faifan ya matse iyakar matsewa. Milimita ɗayan nan kaɗai yana iya cin kilomita da dama a gudunka, kuma ni a nan na fi zargin matsalar baburinka. Ka nemi na Bando, Gates ko Mitsuboshi na asali, daidai lambar da ka cire. Araha ba ta ado a bel: na jabu yana miƙewa cikin mako guda, ya tsinke maka a daji.

Rolar wannan inji girmansu 18 da 14 ne a milimita, na kamfani kuma yawanci giram 13 zuwa 14 kowace. Ka ciro su ka duba. In gefensu ya baje ya yi fili, ba sa gangarawa, sai giya ta riƙa maƙalewa. Ga mutum mai kilo 85 a rairayi, ka fara da giram 12, ka gwada, sannan 11. Kowane giram da ka rage zai ɗaga zagayen inji da 'yan ɗaruruwa. Rola marar nauyi tana jinkirta hawan giya, inji ya samu ya kai inda ƙarfinsa yake, shi ne fizgar da kake nema. In ka wuce gona da iri, ka sa 8 ko 9, ba su da nauyin da za su tura bel har sama, sai ka samu kururuwa da shan mai, gudu kuma ya ragu. In 12 ta yi nauyi, 11 ta yi sauƙi, ana haɗa uku da uku, amma a jera su ɗaya bayan ɗaya, kada masu nauyi su taru a gefe guda. Akwai irin da ba zagayayyu ba, masu sulɓi maimakon gangarawa, na Dr. Pulley ne suka fi suna. Sun fi jure ci kuma sukan tura bel sama kaɗan fiye da rola, sai dai in aka sa su a juye ba sa aiki sam.

Ga dabarar gane ko bel yana kaiwa ƙarshe. Ka ja layi da alƙalamin maka a fuskar bariyeta daga tsakiya zuwa baki, ka rufe, ka je ka ƙure gudu, ka dawo ka buɗe. Inda bel ya taka zai goge tawadar. In abin da ya rage a baki milimita 2 ne ko 3, lafiya. In ya kai 6 ko 8, akwai gudun da kake bari a ƙasa, kuma dalilin ɗaya ne cikin uku: bel ya sirance, rola ta yi sauƙi, ko sifirin baya ya yi tauri. In tawadar ta goge tas kuma inji yana haura 8,000, giyar ta ƙare, sai a koma ga bariyeta mai faɗi, irin ta milimita 115, ko a taɓa faifan sarƙa.

Babban sifirin baya ana sayar da shi da lamba 1000, 1500 da 2000. Amfanin mai tauri shi ne in ka shiga yashi ko ka fara hawan tudu, yana saurin mayar da bel ƙaramar giya, kuma yana hana shi sulɓi. A wajenka 1000 ya wadatar, iyaka 1500. Na 2000 a kan injin da ba a faɗaɗa ba cin bel kawai yake yi, ya dumama akwatin, ya rage gudu. In ka ƙara taurinsa, sau da yawa sai ka mayar da giram guda a rola. Hattara wajen kwance babban notin kuloci: sifirin yana danne a ƙarƙashinsa, sai an taka faifan da ƙafa biyu ko an matse shi a bais, wato matsin ƙarfe na teburin makanike, in ba haka ba ya yi tsalle ya fasa wa mutum baki. Ƙananan sifirin uku na kuloci su ne ke yanke lokacin da zai kama. Masu tauri suna sa inji ya ɗan ɗaga murya kafin babur ya motsa, sai ya tashi da ƙarfi. Yana da daɗi a tsere, amma in kana tafiyar gona a hankali, kulocin zai yi ta sulɓi har ƙwaryarsa ta yi shuɗi. Na 1000 ya isa. In fatun kulocin sun yi santsi suna ƙyalli, ka goge su da samfefa mai lamba 120, ka wanke ƙwaryar.

Wajen mayarwa ne ake yawan lalata inji. Ka matse faifan baya da hannu, bel ya nutse ciki, don ya yi sako-sako a gaba. In ka ɗaure notin bariyeta bel yana maƙale tsakanin faifan, za ka ji kamar ya ɗauru alhali bel ne ka matse. Yana fara tafiya notin ya saki, faifan ya cinye haƙoran kiranshaf, aikin da za a yi da 'yan rola ya koma sauke inji. Ɗaurin ya kai wajen Nm 55 a sifana mai auna ƙarfin ɗauri, da abin riƙe faifai, ba da sukundireba a cusa cikin fiffike ba. Kada ka shafa giris a rola ko fuskar faifai. Ƙura za ta manne ta zama turɓaya mai ci, in kuma ya taɓa bel shi ke nan.

Maganar faifan sarƙa lissafi ne kawai. Ka ƙirga haƙoran na baya ka raba da na gaba. Ɗauki Yamaha Raptor 700, wanda ke zuwa da 14 a gaba, 38 a baya: rabon 2.71 ke nan. In aka sa 13 a gaba ya zama 2.92, ƙarfin ja ya ƙaru da kusan kashi 8 cikin ɗari, gudu ya ragu da kwatankwacin haka. In aka sa 15 ya koma 2.53, abin ya juya. Haƙori ɗaya a gaba kusan uku ne a baya. Raptor yana da ƙarfin da zai ja doguwar giya. Naka ba lallai ba ne, kuma nan mutane ke ruɗewa: sukan sa babban faifai a gaba don gudu, sai inji ya kasa kaiwa zagayensa, a rasa fizga a rasa gudun. Doguwar giya tana amfani ne kawai in gwajin maka ya nuna bel ya ƙure kuma inji yana da sauran numfashi. Taya ma giya ce. Daga inci 18 zuwa 20 ka tsawaita giya da kashi 11 cikin ɗari, ga ƙarin nauyin da inji zai juya. Da wannan nauyi naka a rairayi, ka zauna a 18.

Yanzu ga salansar da makanikenka ke son yankewa. Inji famfon iska ne, in iska ta fi shiga ta fi fita, aka ba shi man da ya dace, ƙarfi zai ƙaru, amma a wannan inji ƙarin bai cika wuce doki guda ba. Yanke salansa kara zube ko sa bututu mai faɗin gaske yana rage saurin fitar hayaƙi a ƙananan zagaye, wato daidai inda kake kukan rashin fizga. In za ka canza, ka sayi wadda aka ƙera don GY6 150, mai ragar tare tartsatsi a ciki. Wanda ke ratsa gonaki da kaka, karan dawa da ciyawa sun bushe, ya san abin da tartsatsi ɗaya ke yi.

Ta wajen shigar iska kuma, buɗaɗɗiyar filtar nan mai siffar mazurari da ake ɗaurawa a bakin kafireta ba ta dace da ƙasarmu ba. Ƙurar hunturu tana ratsa ta, ta zama samfefa a jikin ringi da bawul. Ita ma PD24J ba ta son ta, domin robar samanta da zuƙa mai natsuwa take aiki. Abin da ya fi shi ne ka bar akwatin iska, ka ɗan faɗaɗa bakin shigarsa, ka sa filtar soso mai hawa biyu irin ta Uni ko Twin Air, a jiƙa ta da man filta a matse. A lokacin ƙura, wanki bayan kowace doguwar fita.

Duk wanda ya ƙara iska bai ƙara mai ba, fistin yake gasawa. Babban jet na kamfani yakan kasance tsakanin 102 da 108. Da salansa mai buɗewa da filtar soso, za ka samu kanka tsakanin 112 da 120. Ka sayi jeri guda daga kamfani ɗaya, domin lambobin jet na kasuwa ba sa jituwa, kuma kada ka yarda a faɗaɗa shi da allura ko waya. Daga babba ake farawa a riƙa saukowa, saboda yawan mai filogi kawai yake ɓatawa, ƙarancinsa kuwa inji yake ci. In mai ya yi yawa, a ƙurewar totur za ka ji yana in'ina, hayaƙi baƙi. In ya yi kaɗan, kana danna totur zai yi kamar ya shaƙe, kana saki ya riƙa harbi ta salansa, ga zafi. Wani gwajin: kana cikin ƙurewa ka ɗan sassauta totur kaɗan, in ka ji ya ƙara ja, jet ya yi ƙanƙanta. Don tabbatarwa, ka sa sabon filogi, ka ƙure gudu na kamar rabin minti, ka kashe inji totur yana danne, ka tsaya ka ciro shi. Ruwan ƙasa kamar shayi da madara ake so. Fari fat haɗari ne. Sukurun silo na mai yakan zauna a juyi biyu zuwa biyu da rabi daga rufe. In sai ya wuce uku inji ke daidaita, ƙaramin jet ne ya yi kaɗan, a tashi daga 35 zuwa 38. In tsakiyar totur ce ke da rami, a sa washa mai kaurin rabin milimita a ƙarƙashin kan allura.

Yanayi yana taɓa wannan saiti. Iskar sanyin asuba a hunturu ta fi ta bazara kauri, don haka jet ɗin da ya yi daidai a watan Afrilu zai iya yin kaɗan a Janairu. Tsayin ƙasa ma haka: inji yana rasa kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 300. Babur da aka saita a Katsina in aka kai shi Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, zai ji mai ya yi masa yawa, sai an rage jet da lamba biyu ko uku. Masu manyan babura na zamani irin Raptor 700 ba su da jet, kwamfuta ke fesa musu mai, su sai dai a sa na'urar gyaran mai irin Power Commander bayan an canza salansa da filta.

CDI na tsere shi ne abin da na fi raina wa cikin jerin. Yawancin na kamfani a GY6 150 ba su da iyakar da injinka ke kaiwa, don haka babu abin da za a buɗe. Abin da na kasuwa ke yi shi ne gaggauta wuta, kuma in aka haɗa wannan da zafin rana da fetur ɗin 'yan bumburutu, sai inji ya fara ƙwanƙwasa a ciki, ko ya riƙa harbin baya wajen tayarwa har ya fasa kulocin sitata. In agogo ya nuna maka allura tana tsayawa cak a lamba ɗaya inji yana yankewa, to akwai iyaka, sai a canza. Ka tabbatar da irinsa kafin ka saya, domin akwai AC akwai DC, kuma soket ɗinsu kan yi kama. Buɗe makulli inji a kashe, ka auna wayar wutarsa: in akwai bolt 12, DC ne. Kwayil mai launin lemo da filogi mai tsada ba sa ƙara komai a kan wuta mai lafiya.

Kafin ƙarin gudu ya fara aiki, a duba abin da zai tsayar da kai. Fatun birki, sabon man birki DOT 3 ko DOT 4 gwargwadon abin da ke rubuce a murfin, ƙullin sitiyari, da notin gatari. Ka kama tayar gaba ka girgiza, duk wasan da ka ji a kilomita 45 zai zama rawa a 60. Gatarin baya guda ne, tayoyin biyu tare suke juyawa, shi ya sa a kwalta ba ya son kwana: tayar ciki ba ta samun sulɓewa, sai ya ɗaga ƙafa ya kife. Ana iya faɗaɗa tsayuwarsa da zoben ƙarfe na milimita 25 a bayan kowace taya, sai dai yana ƙara wa boris aiki. Hular kwano dole ce, kuma mai kujera ɗaya ba a goyo a kansa.

In ka yi duk wannan kana son ƙari, saura faɗaɗa silinda. Na kamfani faɗinsa milimita 57.4 ne, tafiyar fistin 57.8. Na 58.5 yana shiga kai tsaye amma 155cc kawai yake bayarwa, bai cancanci wahalar ba sai in dama ringinka ya cinye. Na 61 yana kaiwa kusan 169cc, shi ne ake ji a jiki, musamman a fizga, amma sau da yawa sai an kai akwatin inji wajen mai sassaƙa ƙarfe ya faɗaɗa bakinsa. Na 63 ya kai 180cc, kuma kafin ka saya ka auna tazarar dogayen ƙusoshin silinda, domin akwai mai milimita 54 akwai mai 57, kayan wannan ba sa shiga wancan. Kamshaf ɗin da ake sayarwa da lamba A9, A11 da sauransu, lambobin ba sa nufin abu ɗaya a wajen kowane mai sayarwa, kuma mai ɗaga bawul da yawa zuwa saman zagaye yake mayar da ƙarfi. Mai neman fizga a yashi ya bar na kamfani. Iska kuma ba ta da sauƙin kayarwa: ƙarfin da ake bukata don keta ta yana ninkuwa takwas in gudu ya ninka biyu. Ko da 180cc, kada ka sa ran wuce 70 zuwa 75. Wanda ransa ke kan 100, kuɗin da zai zuba a nan gara ya tara su ya nemi babban babur.

Wajen haɗawa, ka sa kowane ringi shi kaɗai cikin silinda ka auna tazarar bakinsa. A faɗin 61 ana son wajen milimita 0.25. In ya gaza, ka goge bakin da fayil, domin yana ɗaukar zafi bakunan za su haɗu ya kama silinda. Rubutun jikin ringi sama yake kallo, bakunansu a rarrabe kada su yi layi, alamar IN ta fistin kuma wajen kafireta. Ka toshe bakin inji da tsumma kafin ka sa ƙaramin zoben da ke riƙe fin ɗin fistin, in ya faɗa ciki sai an raba inji biyu. Notin kan silinda huɗu a ɗaure su a gicciye, mataki mataki, har Nm 22 zuwa 25. Wannan inji iska ke sanyaya shi, baƙin mansa bai kai lita ɗaya ba, kuma ba shi da filtar mai sai 'yar raga, don haka daga 61 zuwa sama, a zafin arewa, a ƙara masa na'urar sanyaya mai, a kuma tabbatar robobin da ke kewaye da silinda suna nan, su ne ke bi da iskar fanka. Awa biyun farko kada ka ƙure shi kuma kada ka riƙe totur wuri guda, sannan ka zubar da man, ka wanke ragar, ka sake auna bawul. Jet zai nemi ƙari, sai ka maimaita gwajin filogi. Rolar da ta yi daidai a 150cc ma za ta yi sauƙi yanzu, za ka ga allura tana wuce 7,500 wajen fizga. Ka mayar da giram ɗaya, ka ja sabon layi da maka, ka koma filin mita ɗarin nan.